Batirin Namsrai da Askin Bilguun

Akwai wani direba a garin Tsetserleg na ƙasar Mongoliya mai suna Namsrai. Shekara ashirin da bakwai yana kaɗa tsohuwar jif ɗinsa a daji, inda babu kwalta sai sawun taya. Mutumin kirki ne, amma wallahi akwai taurin kai. Idan ka ba shi shawara kan mota, kamar ka zage shi ne.

Mahaifiyarsa, Inna Dolgor, ta haura tamanin. Ƙirjinta ya yi rauni, ba ta awa biyu ba tare da na'urar iskar numfashi ba, na'urar kuma sai da wuta. Shi ya sa shekara huɗu ba ta leƙa karkara ba.

Sai ga saƙo daga Gombo, ƙanin Namsrai, makiyayi a can bayan duwatsu. Jikansa Bilguun ya cika shekara uku, lama, wato malamin addinin Buddha, ya tsayar da ranar askinsa na fari. A wajen bikin nan babban dangi ne ke fara sa almakashi, kuma duk zuri'ar babu wanda ya girmi Inna Dolgor.

"Ko a kwance ne sai na je," in ji ta. "Tattaɓa-kunnena ne. Ban san ko zan ga wani askin ba."

Tafiyar yini guda ce, kuma babu wutar lantarki a tantin Gombo. Namsrai ya bugi ƙirji ya ce zai haɗa wa motarsa batir na biyu, na litiyom, wanda zai riƙe na'urar a hanya da kuma can. Ya yi odar ƙwayoyin batir huɗu daga Ulaanbaatar, da ɗan allon da ke kula da su, ya baje kaya a tsakar gida.

Maƙwabciyarsa Tsermaa, wadda ke haɗa wa makiyaya wutar sola, ta leƙo ta kan shinge tana tauna busasshen cuku.

"Yaya Namsrai, a ina za ka ɗaura shi?"

"A ƙarƙashin mota, kusa da safaya. Nan nake sa batir tun kina goye."

"Wancan na ruwa ne, Yaya. Wannan ba ya karɓar caji idan sanyi ya kai ruwa ya daskare. Ka sa shi a ciki. Kuma kar ka jona shi kai tsaye da injin, akwai cajar da ake sawa a tsakani."

Namsrai ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke je ki ci gaba da kunna wa tumaki talabijin. Mota aikin manya ne."

Tsermaa ta ɗaga kafaɗa ta koma gida.

Kwana shida ya yi yana fama. Ya yi walda, ya ƙera akwatin ƙarfe, har da fenti ja, ya ɗaura batirin a ƙarƙashin mota. Da ya kunna na'urar da batirin ta tashi, sai da ya kira mutanen layi su zo su gani.

Saura kwana uku biki, aka wayi gari ruwan bokiti ya zama dutse. Namsrai ya fita gwaji da mota, ya yi ta zagaye bakin kogin Tamir har awa biyu. Da ya dawo ya duba, batirin bai ƙaru da komai ba. Ya ƙwanƙwasa shi, ya zage shi, ya sake zagayawa. Shiru. Abin da ya rage a ciki ba zai kai su rabin hanya ba.

Ya shiga ɗaki. Ya tarar da Inna ta shimfiɗa rigar bikinta a gado, tana ɗaura shuɗin ƙyalle a hannun almakashi tana 'yar waƙa. Nan tsoro ya kama shi sosai. Ya hango motar a tsakiyar duwatsu, na'ura ta mutu, tsohuwa tana neman numfashi.

Kunya kam ya ji ta, amma bai tsaya ba. Ya ɗauki ƙunshin shayi da ƙwaryar man shanu ya nufi gidan Tsermaa.

"A'a, manya ne da kansu a gidan mai talabijin ɗin tumaki?"

"Ƙanwata, ki yi min duk tsiyar da kike so, na cancanta. Amma ki zo ki duba. Saboda Inna."

Ta zuba masa shayi mai madara da gishiri, ta bari ya shanye, sannan ta ɗauki jakar kayan aikinta.

"Ka gode wa ɗan allon nan," ta ce bayan ta duba. "Shi ya hana cajin shiga. Da babu shi, da ka kashe ƙwayoyin gaba ɗaya."

Suka kwance komai. Batirin ya koma ƙarƙashin kujerar baya, inda ɗumin mota ke kaiwa. Tsermaa ta shimfiɗa masa ɗan faifan ɗumi a ƙasa, ta sa cajar tsakani, ta canja siraran wayoyinsa da masu kauri, ta sa fis a kowane gefe, ta ɗora faifan sola ɗaya a rufin mota. Namsrai kuwa ya zama mai miƙo sukundireba.

Inna Dolgor da ta ji abin ba ya son sanyi, sai ta sa aka ɗauko ragowar bargon ulu na tsohon tantinta. Ta yanka, ta ɗinka wa batirin riga har da maɓalli.

"Ashe irina ne," ta ce. "Tsofaffi biyu za ku ɗauka."

Ranar tafiya Namsrai ya roƙi Tsermaa ta biyo su. Suka ƙetare kogi, suka hau tudu cikin dusar ƙanƙara, tafiyar ta ja har awa tara. Na'urar ba ta ko yi tari ba. Inna tana baya, robar iska a hanci, tana kiran sunan kowane dutse.

Washegari tanti ya cika maƙil da dangi. Aka jawo waya daga mota har inda Inna ke zaune. Aka kawo Bilguun da gashinsa har kafaɗa. Ta ba shi madara ya kurɓa, ta shafa kansa, ta yanke tufka ta fari tana sa masa albarka. Namsrai, ƙaton mutum, ya tsaya a bakin ƙofa yana share hawaye da hularsa.

Da aka zauna cin nama, Gombo ya miƙe yana yabon gwanintar yayansa. Namsrai ya ɗaga hannu ya dakatar da shi.

"Ni fenti kawai na yi, shi ma an jefar da akwatin. Ga mai aikin nan."

Tanti ya kaure da dariya, aka tura wa Tsermaa jelar tunkiya mai kitse.

Can Inna Dolgor ta kalli ɗanta. "Ba na son komawa gobe. Abokin nawa zai iya riƙe ni kwana nawa?"

Wannan karon Namsrai ya bar wa mai aikin amsa. Ya juya ya kalli Tsermaa.

"Muddin rana na fitowa, Inna, ko wata guda ne," in ji ta.

"To me kuke jira? Ku sauko min da kayana."

Darasi: Daɗewa a sana'a ba ya nufin ka san komai. Wanda ka raina yau, wataƙila a hannunsa abin da kake nema yake, kuma sauke girman kai ka ce "koya min" bai taɓa rage darajar kowa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wannan gwanin naku da ba ya jin shawara.