Shuɗin Gilashi da 'Yar Salmanu

Ku gyara zama, ga ta nan tafe gare ku. Amma ku sani, in na kai ƙarshe alƙalanci zan ba ku, kuma ban yarda kowa ya ce shi ɗan kallo ba ne.

A wani gari da ake kira Dutsen Gaude, can ƙetaren kogi, akwai wani ɗan gidan bincike mai ɗaki huɗu. Mata uku ne ke aiki a ciki, Lubabatu da Barira da Safara'u, dukansu masu ilimin kimiyya. Na huɗunsu namiji ne, Salmanu, mai yanka musu gilashi da wanke kwalabe da kula da tanda. Abin da suke bincike wani irin gishiri ne da ake haɗawa da hannu, sunansa ferobsikait. Ba na miya ba ne. In aka shafa shi siriri a kan gilashi yakan sha hasken rana, har da ɓoyayyen hasken nan mai ƙona fata, sa'an nan ya mayar da shi waje da launi guda. Burinsu ya ba da shuɗi, irin na fitilar da ake kwantar da jarirai masu shawara a ƙarƙashinta, saboda asibitocin ƙauye da ba su da wuta. Shekara biyu suna fama. Kullum kore suke samu, ko kuma gilashin ya dushe kafin ya kwana.

Shi Salmanu shekararsa tara da auren Atine, ba su taɓa jin kukan jariri a ɗakinsu ba. Bai taɓa ce mata komai a kai ba, sai dai duk yamma in ya taso aiki yakan zo mata da gyaɗa mai gishiri a ƙullin takarda, ya zauna ya ɓare mata. A tsakiyar daminar shekara ta tara, ran wata Litinin, Atine ta haifi 'ya mace.

Ran Talata aka yi ruwan da ya tafi da gada, ya kwantar da turakun wuta. Ran Laraba da hantsi Sista Rifkatu, wadda ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a asibitin garin, ta danna goshin jaririyar da yatsa, ta ɗaga, wurin ya fito rawaya kamar an shafa kurkur.

Ta ce, "Malam Salmanu, shawara ce. Yanzu tana fuska. In ta sauko ƙirji, da sauran lokaci. In ta kai tafin ƙafa, to tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Fitilarmu ta ƙone tun bara, kwalekwale kuma ba mai saka shi a ruwan nan kafin kwana uku."

Ya ce, "A shanya ta a rana mana, Sista."

"Fatar kwana biyu? Rana za ta ƙona ta kafin ta warkar da ita. Shuɗin kaɗai nake so, ba zafin, ba ƙunar."

Salmanu ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya isa gidan bincike, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa musu. Bai roƙi kowa ba, ya san abin da suka shekara biyu suna nema bai samu ba. Matan uku suka dubi juna, Barira ta miƙe ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

Lubabatu ce ta fara, don ita ce mai lissafi. Salmanu ya sha jin bayaninta yana wanke kwalabe. Takan ce a cikin gishirin akwai ƙwayoyin lantarki, kamar awaki a bakin kwazazzabo. Hasken rana ya tura su, su tsallake zuwa tudu, in za su dawo sai su saki haske. In kwazazzabon mai faɗi ne, shuɗi suke saki, in ya tsuke, kore. Faɗin kuwa ya dogara ne ga yadda aka auna wasu sinadarai biyu a cikin haɗin. Tana da awonta da ta lissafa tun farko, ta rantse a kansa, duk lokacin da gilashi ya fito kore sai ta ce hannun Barira ne bai iya haɗi ba.

Ran nan babu wuta, kwamfuta ta mutu. Sai ta tambayi Salmanu ko da sauran gilasan da suka lalace. Ashe bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Kowanne ya manna masa takarda, ya rubuta awonsa, ya jera a kwali, don shi ba ya iya jefar da abin da ya yanka da hannunsa. Suka kwaso guda ɗari da wani abu da ba su gama dushewa ba, suka jera a tsakar gida bisa ga awonsu. Lubabatu ta hau kan tanki ta leƙo su daga sama. Ta daɗe tana kallo. Ita ta ɗauka launin yana tafiya ne miƙe daga kore zuwa shuɗi, taki ɗaya bayan ɗaya. Ashe a tsakiya yakan yi nawa, ya daɗe a kore, sai can gaba ya hau. Ta sauko ta tsuguna, ta yi lissafi da gawayi a kan siminti har azahar, ta fitar da sabon awo. Sa'an nan ta je gaban Barira.

Ta ce, "Shekara biyu ina ɗora miki laifi. Hannunki lafiya lau, kaina ne ya karkace."

Barira ta ce, "Uwar lissafi, ki adana wannan maganar, zan so in sake jin ta a gaban mutane. Miƙo awon."

Da la'asar Sista Rifkatu ta aiko cewa rawayar ta sauko ƙirji.

Barira ita ce ta san ginin gishirin. A wurinta ƙwayoyinsa ɗakuna ne jere, kowane ɗaki da ginshiƙi ɗaya a tsakiya. In ginshiƙin ya yi ƙanƙanta, bangon ya karkata, in laima ta shiga, ɗakunan su rushe, gilashi ya dushe. Ga shi kuwa tsakiyar damina ce, ko ashana ba ta kamawa sai an yi da gaske, na'urar da ke busar da iska kuma ta tsaya tare da wuta. Ta sa Salmanu ya kwaso kabad ɗin gilashi na ajiye littattafai, ya huda ƙofarsa wuri biyu, ta ɗaura safar hannu ta roba a hudojin, ta toshe duk wata kafa da kakin zuma. Ta soya shinkafa tiya guda har ta yi ƙamas, ta zuba a ƙasan kabad ɗin tare da farar ƙasa gasasshiya, suka shanye laimar da ke ciki.

Saura ginshiƙi. Tana da wata 'yar kwalba ta wani sinadari mai ƙarfafa ɗakunan, wadda ta jira wata goma sha ɗaya kafin ta iso, ita ce kuma za ta yi gwajin ƙarshe na digirinta da ita. Ba ta da wata. Ta juye ta duka a cikin haɗin, ta ɗauraye kwalbar ta ƙara.

Da sassafen Alhamis ta zura hannuwanta a kabad, ta shafa haɗin a kan gilashi mai faɗin tabarmar salla. Tandar lantarki ba ta aiki, sai suka gasa shi a kan yashi mai zafi bisa gawayi, tana riƙe da ma'aunin zafi, tana ɗaga gilashin da tsumma duk lokacin da wutar ta so wuce gona. Yatsunta huɗu suka tashi. Da ya huce ta kifa masa wani gilashin a kai, ta liƙe gefen da danƙo ninki uku, don akwai dalma a cikin haɗin, ba ta yarda ko ƙurarsa ta kusanci jaririya ba.

Aka fito da shi rana. Ya kama da shuɗi, irin shuɗin da Salmanu bai taɓa gani a rini ko a sama ba. Lubabatu ta rangaɗa guɗa. Salmanu ya naɗe gilashin a bargo ya rungume, ya nufi ƙofa, don tun da hantsi an aiko cewa rawayar ta kai cibiya.

Sai ya tarar da Safara'u tsaye a bakin ƙofar, ta riƙe dogaran biyu.

Ita ce ƙaramarsu, mai sanin halin haske, amarya ce ko wata uku ba ta yi a ɗakinta ba.

Ta ce, "Ajiye shi, Malam."

Ya ce, "Malama, don girman Allah ki ba ni hanya. 'Yata ce."

"Na sani. In ka kai shi haka, za ta kwanta a inuwa, ku kuna murna."

Bai taɓa ɗaga wa ɗayansu murya ba, ran nan ya ɗaga. Ba ta motsa ba. Ta karɓi gilashin ta ɗora a kan bulo huɗu, ta shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi. Takardar ta yi dishi-dishi. Ta ce su dubi gefen. Gefen gilashin ne ke ci da shuɗi kamar garwashi. Ta ce hasken da aka haifa a cikin gilashi mai santsi yakan rasa hanyar fita, ya yi ta karo tsakanin sama da ƙasa har ya zube ta gefe. Ta ɗebo yashin kogi mai laushi ta jiƙa, ta goge ƙasan gilashin har santsin ya mutu, don hasken ya sami ƙofa. Gefen kuma yana bukatar madubi da zai kora hasken ciki, duk gidan binciken babu. Ta tafi gida ta ciro madubin da angonta ya sa mata a lefe, dogo mai zanen fure, wanda ya ce ya zaɓa ne don ta riƙa ganin abin da shi yake gani. Ta kawo wa Salmanu ta ce ya yanka shi siri-siri. Ya tsaya da abin yankan a hannu.

Ta ce, "Yanka. Shi zai ci gaba da gani, ai ba da madubin yake kallo ba."

Suka kewaye gefen da madubi, ta ɗora farantin gilashi cike da ruwa a sama don ya sha zafin. Takardar da ke ƙasa ta koma shuɗiya shar. Duk da haka ba ta sake shi ba. Ta raba hasken da gilashinta mai kusurwa uku, ta auna, ta tabbata mai ƙunar bai ratso ba. Sa'an nan ta zura cikin damtsenta a ƙarƙashi, inda fata ta fi laushi, ta zauna sa'a guda cur a ranar azahar, Salmanu yana kai da kawowa a bayanta. Da ta zare hannun babu ja babu zafi, ta ce, "Yanzu ɗauka."

A farfajiyar asibiti aka kafa shi kamar rumfa. Sista Rifkatu ta rufe wa jaririyar ido da baƙin ƙyalle, ta kwantar da ita, tana juya ta, tana auna zafin jikinta, tana miƙa wa Atine ta shayar. A lokacin rawayar ta kai gwiwa. Ran Juma'a ta tsaya a nan, ba ta ƙara ba. Ran Asabar hadari ya rufe rana, Salmanu ya zauna ya kasa cin abinci, amma gilashin bai daina ba da shuɗinsa ba, laima kuma ba ta ci shi ba. Da yamma Sista ta danna cinya, fata ta fito da launinta. Ran Lahadi kwalekwale ya ƙetaro da likita, ya ɗebi jini ya duba, ya ce hatsarin ya wuce. Ya zagaya rumfar sau biyu, ya tambayi daga wace ƙasa aka kawo ta. Sista Rifkatu ta nuna masa mata uku da ke zaune a kan benci, ɗaya da gawayi a farce, ɗaya da yatsu a naɗe, ɗaya tana gyangyaɗi.

Atine ta ɗauki 'yarta, jaririyar ta buɗe ido, farin ya fito tas. Matan unguwa suka cika farfajiya da guɗa, har masu jinya suka fito kallo.

Washegari suna. An sayi rago, an raba goro, liman zai zo bayan asuba. Da yammacin Lahadin Salmanu ya shiga ɗaki ya sami Atine ta fito wankan jego, tana zaune da 'yar a cinya.

Ta ce, "Malam, ɗaya daga cikinsu za a yi wa takwara. Na so a sa wa Sista, ta ce ita aikinta ta yi, in ba ɗaya daga cikin ukun ba ba ta yafe ba."

Ya ce, "A haɗa mata duka ukun."

"A kira ta da wanne? Wanda aka fara faɗa shi ne sunan, sauran rakiya suka yi. Ɗaya za ka raɗa wa liman."

Ya je ya tambaye su. Lubabatu ta ce a sa Barira, Barira ta ce a sa Safara'u, Safara'u ta ce ita me ta yi ban da tare ƙofa. Ya dawo kamar yadda ya tafi.

Ga shi nan zaune a ƙofar ɗaki, yana juya maganar. Da Lubabatu ba ta hau tanki ta ƙaryata kanta ba, kore za a samu, kore irin wannan kuwa ba shi ake nema ba. Da Barira ba ta juye kwalbarta ta ƙona yatsunta ba, awon yana nan a kan siminti, ruwa ya wanke. Safara'u kuma, da ta ji tausayinsa ta matsa daga bakin ƙofa, da ya kai wa 'yarsa inuwa da hannunsa yana godiya.

To, ku da kuka ji, liman na hanya. Sunan wa Salmanu zai raɗa masa?