Ƙugiyar da Kifi Ya Tauna

Akwai wani direba a birnin Libreville mai suna Bouba, ɗan masuntan Garwa, a shekarun da kuɗin man fetur suke zuba kamar ruwan sama. Duk Lahadi yakan kai Turawan wani kamfanin mai bakin teku, su yi fatsa da ƙugiya mai gashin tsuntsu. Duk wadda kifi ya tauna ta tsufa, sai su yar.

Shi kuwa Bouba tsince su yake yi. Ya wasa bakin, ya sake ɗaure su da gashin zabuwa, yana bin launin wadda ta fi shan haƙori.

Sabitu, mai shagon kayan fatsa a unguwar Glass, ya gan shi ya kwashe da dariya.

"Malam Bouba, gari ana kwasar arziki, kai bola ka zo kwasa?"

"Alhaji, wadda kifi ya tauna ai ita ce ta yi aiki."

"To Allah ya ba da sa'ar tsummokara!"

Ana haka sai direktan kamfanin ya ce yana neman mai kula da jirginsa na fatsa, da ɗaki kyauta a Owendo, kusa da tashar jiragen ruwa. Ran Bouba ya biya, don shekara uku ke nan matarsa Mairamou tana Garwa saboda rashin wurin zama. Sabitu ma ya nemi aikin. Direkta ya ce su shiga jirgi tare, ruwa ya raba gardama.

Sabitu ya buɗe kwali sabo fil daga Faransa, ƙugiyoyi sai ƙyalli. Ya jefa, ya canza, ya sake jefawa. Har azahar shiru kake ji.

Bouba ya ɗaura tasa mai gashin zabuwa. Jifa na biyu sandar fatsar ta lanƙwashe! Sai Bouba ya ɗaga murya:

"Ya ci! Wallahi ya ci!"

Igiya tana kuka, jirgi yana tangaɗi, direkta yana ihu hularsa ta faɗa ruwa. Da ƙyar suka ɗago wani ƙaton kifi, irin wanda suke kira kafiten, tsawonsa ya kai ƙugun mutum.

Sabitu ya share zufa, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan'uwa, ko akwai ragowar guda ɗaya?"

Bouba ya miƙa masa biyu.

Aiki ya zama na Bouba. Kafin watan ya ƙare, Mairamou ta sauka a Owendo da kwanukanta.

Darasi: Kar ƙyallin sabo ya sa ku raina abin da ya tsufa a bakin aiki, balle mutumin da ya san darajarsa. Ni dai na faɗa muku. Ku tura wa masu ɗaga hanci, ko sa ji.