Tukunyar Siracen Inna Hawwa'u

Akwai wani matashi mai sayar da hatsi a kasuwar Dogon Dutsi, sunansa Abdurrazak. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, sai dai akwai saurin yanke hukunci. Kafin ka rufe baki ya gama fassara maganarka.

Shekara biyu yana fama da ciwon da likitoci ke kira sinizit. Hanci a toshe, goshi da ƙasan idanu kamar an ɗora masa dutse, in ya yi sujada sai ya ji kansa zai tsage. Ƙamshi da wari duk sun ɗauke masa. Matarsa Juwairiyya har tsokanarsa take yi, wai ko tuwo ya ƙone ba ta da fargaba.

Mahaifiyarsa, Inna Hawwa'u, tana zaune a Lugu. Uwar da ta haife ta 'yar bori ce a zamaninta, kuma wannan abu ya tsaya wa Abdurrazak a rai. Inna tun tana budurwa ta kama sallarta, amma shi ko sunan garin ba ya son a ambata a gaban abokansa.

Da ta ji ciwon ya yi tsanani, ta hau amalanke zuwa bakin hanya, ta shiga mota ta zo. Kayanta uku ne: tukunyar ƙasa, ƙullin ganye da wani baƙin zane mai kauri.

Da hantsi ya shigo gida ya tarar tukunya na tafasa, Inna na tsugune a kanta, leɓɓanta na motsi, baƙin zanen a kafaɗarta.

Ta ce, "Taho, ɗana, ka duƙa in lulluɓe ka."

Ya dubi zanen, ya dubi bakinta, ya ce, "Inna, mi ne ne wanga? Doguwar bori za ki kira mini cikin gidana?"

Ta ce, "Sirace na. Sansana ka ji, ganye na kawai."

Ina hancin da zai sansana? Ya sa ƙafa ya ture tukunyar, ta faɗi ta tarwatse. Ya ce, "Ba a shirka gidanga."

Inna ta duƙa tana tsince kasaken ɗaya bayan ɗaya. Washegari ta ba Juwairiyya sauran ganyen ta ce, "Aje mishi, in zuciyatai ta huce." Ta koma Lugu.

Wata huɗu bai neme ta ba. In ta aiko gaisuwa ta bakin masu zuwa cin kasuwa, sai ya ce yana amsawa, shi ke nan.

Ciwon kuwa ya ƙaru, har ga zazzaɓi, dole ya tafi asibiti a Dosso. Likita ya duba shi ya rubuta masa ƙwayoyi, sannan ya ce ya riƙa wanke hanci da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce. Ya ƙara da cewa sirace da ganyen turare zai rage masa nauyin kai, amma ya lulluɓa da zane mai kauri.

Abdurrazak ya ce, "Don mi mai kauri?"

Likita ya ce, "Don kada tururin ya gudu."

Nan take ya tuna baƙin zanen Inna. Da ya dawo gida ya sa Juwairiyya ta kwance ƙullin. Ganyen turare ne da citta da kanumfari.

Ta ce, "Abin da Inna ka karantawa rannan Fatiha ce. Ina kusa da ita, na ji."

"Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Na hwaɗa. Ka ce in yi shiru."

Ya sayi sabuwar tukunya, ya ce zai kai mata ya roƙi gafara, amma bari ranar kasuwa ta wuce tukuna. Ranar kasuwar da safe aka bugo masa waya cewa Inna ta rasu.

Bayan an kai ta makwancinta, ƙanwarta ta miƙo masa baƙin zanen ta ce, "Ta ce a ba ka. Shi kaɗai na mai kauri cikin zannuwanta, kullum tana tambaya ko hancinka ya buɗe."

Ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, yana sirace a sabuwar tukunyar da bai samu ya kai ba. Rana ta tara yana ƙarƙashin zanen, hancinsa ya buɗe. Abin da ya fara ji bayan shekara biyu ba ganyen ba ne, ƙamshin Inna ne da ya kama zanen, na hayaƙin kara da man shanu. Ya yi kuka har ruwan ya huce, bai fito ba.

Ya warke sarai yanzu. Amma har yau Juwairiyya takan same shi zaune shi kaɗai da zanen a fuskarsa, kuma ba ta tambayarsa ko ciwon ne ya dawo.

Darasi: Kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka bincika ba, balle a kan mahaifiyarka. Ciwo a kai shi asibiti, a kuma tambayi likita kafin a haɗa da na gida. In ka ɓata wa iyaye rai, nemi gafara yau, kada ka jira ranar kasuwa ta wuce. Ku tura wa wanda iyayensa ke raye.