Kwalbar da Fulvio Ya Raina

Akwai wani dattijo a tsaunukan Valdobbiadene mai suna Ottorino. Shekara hamsin yana haɗa giyar inabi mai kumfa yadda ubansa ya koya masa. Ba ya tace ta. A cikin kwalba take nuna, guggubinta ya kwanta a gindi. In zai sha sai ya girgiza kwalbar tukuna, giyar ta fito kamar ruwan wankin shinkafa. Haka yake sonta, kuma yana alfahari da ita.

Ɗansa Fulvio ya dawo daga birni da takardar shaidar gwanin ɗanɗano, yana ji da kansa. Ko kofin tsohon bai taɓa kaiwa baki ba.

"Baba, wa zai sha wannan kwatamin? Ranar Litinin za a tuge tsofaffin kuringar inabin nan, mu kawo inji."

Maganar ta soki Ottorino, domin ubansa, kakan Fulvio, shi ne ya dasa su. Amma gonar yanzu a hannun Fulvio take.

Nives, matar Ottorino, ita ce ba ta yarda ba. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta tsayar a lungu mai sanyi, kwana uku ba mai taɓawa. Ranar Lahadi ta tsiyaye ta a hankali cikin tulun gilashi, ta bar guggubin a ƙasa. Giyar ta fito garau.

Da aka zauna cin abinci ta zuba wa ɗanta. "Malam gwani, ɗanɗana mana wannan."

Fulvio ya ɗaga kofin ya duba, ya shinshina, ya kurɓa, har da lumshe ido.

"Kai! Ƙamshin tuffa da sabon burodi. Ga kumfa ƙanana, ba zaƙin banza. Baba, ka ji aikin masana? Irin wannan nake so mu yi. Ta wane gida ce?"

Nives ta dire masa kwalbar a gaba, guggubi kwance a gindinta.

"Ta gidan ubanka ce, sarkin sani."

Fulvio ya dubi kwalbar, ya dubi kofinsa. Kunya ta rufe shi.

Ottorino kuwa daɗi ya cika shi. Ya ɗauki kwalbar ya girgiza ragowar, ya zuba wa ɗansa.

"Uwarka ta yi mata kwalliya ne kawai. Sha ta yadda take."

Fulvio ya shanye, ya miƙo kofin. "Baba, da saura?"

Litinin ta zo, ba a tuge ko kuringa ɗaya ba.

Darasi: Kada ka yanke wa abu hukunci da ido alhali ba ka gwada shi ba, balle aikin da iyayenka suka ƙarar da rayuwarsu a kai. Tura wa wanda karatu ya sa ya fara raina na gida.