Masakin da Ya Daɗe Bai Dawo Ba

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin kogi, mai gonar shinkafa a fadama. Mutum ne mai shiru-shiru, matarsa kuwa ita ke yin maganar su biyu. A ƙauyen nan suna da al'ada: ranar Kirsimeti kowane gida yakan dafa abinci, a zuba a kwanuka, a aika wa maƙwabta. Kuma ba a mayar da kwano babu komai. Wanda aka kawo wa sai ya juye, ya zuba nasa a ciki, ya mayar.

Wata shekara kogi ya cika ya tumbatsa, ya shanye fadamar gab da girbi. Ɗan abin da manomin ya tsira da shi ya shanya, ya gauraya da toka da busasshen ganyen darbejiya don kada ƙwari su ci, ya zuba a randa, ya liƙe bakin da laka. Wannan shi ne irin da zai shuka baɗi, ba shi da wani. Ya ce wa matarsa, "Ko surukina ne ya zo mana baƙunci, ba za a taɓa randar nan ba." Suka shirya yin Kirsimeti da tuwon dawa da miyar kaza.

A bayan gidansu akwai wata tsohuwa gwauruwa da ke riƙon jikokinta. Ana gobe Kirsimeti, manomin yana wucewa ta jikin dangarta, sai ya ji tana ce wa jikokin, "Gobe da an taso daga sujada za mu rufe ƙofa. Duk wanda ya kawo kwano, ku yi shiru kamar ba ma nan."

Ƙaramarsu ta ce, "Don me, Kaka?"

Ta ce, "Don ba mu da abin da za mu mayar a ciki."

Maganar ta soki manomin ƙwarai. Ya gane ba abinci ne tsohuwar ta rasa ba, gama maƙwabta za su kawo har ya yi yawa. Abin bayarwa ta rasa. Ya koma gida, ya durƙusa gaban randar, ya fasa lakar.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Baban Briskila, me nake gani? Surukin naka ne ya iso?"

Ya faɗa mata abin da ya ji.

Ta ce, "Iri ne fa! In damina ta sauka, tausayi za ka shuka?"

Ya ce, "Rabi zan ɗiba. Sauran zai isa, in Ubangiji ya yarda."

Ta yi magana har ta gaji. Can sai ta shiga ɗaki, ta fito da masakinta, wato babbar ƙwaryar da take ji da ita, ta dire a gabansa. Ta ce, "Tun da ka fara, ai ba a cin shinkafa gaya." Ta ƙara da kwalbar manja da albasa. Manomin ya zuba rabin irin a masakin, ya kai wa tsohuwar duka da yamman nan.

Kashegari aka ji daka a gidan tsohuwar, hayaƙi ya tashi, ƙofa tana buɗe. Jikokinta suna ta kai da kawowa da kwanuka kamar na kowa. Manomin ya yi murna sosai. Amma duk sa'ad da ya leƙa randarsa ya ga ta koma rabi, sai gabansa ya faɗi.

Masakin kuwa bai dawo ba. Sabuwar shekara ta wuce, Ista ta wuce, shiru. Matar takan ce, "Ko wanke shi a kawo mini ba za a yi ba?" Shi kuma yakan ce, "Ki bar ta."

Da ruwan farko ya sauka, manomin ya yafa irinsa duka. Ya tsiro kore shar. Sai ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, shukar ta bushe ƙurmus. Haka abin ya sami kowa a ƙauyen, babu mai irin da zai ba wani. Sa'ad da damina ta dawo sosai, manomin ya zauna a ƙofar ɗakinsa, fartanya a gefe, ga ƙasa ta jiƙu amma babu abin sa mata. Tsoro ya kama shi, don ya san in bai shuka ba iyalinsa za su sha yunwa.

Yana nan zaune sai ya ji, "Gafaranku dai, masu gida." Ga tsohuwar nan, masaki a ka, an rufe da faifai. Ta sauke ta ce, "Na kawo muku masakinku. Ku gafarta mini, ya daɗe."

Matar ta ɗaga faifan. Ga shinkafa da ƙaiƙayinta, da tokarta, da ganyen darbejiya.

Tsohuwar ta ce, "Ɗana, ran da ka kawo, da na sa hannu na ji toka, na san ba na ci ba ne, irinka ne ka ɗebo mini. Na zauna na yi kuka. Na daka rabi don kada in raina kyautarka, sauran na liƙe a tulu."

Manomin ya ce, "Iya, me ya hana ki kawo tuni?"

Ta ce, "Da na kawo a lokacin, da kun ce na ƙi kyautarku. Na ce bari in jira ranar da zai zama kyauta daga hannuna. Ai ba a mayar da kwano babu komai."

Matar manomin ta ajiye faifan. Sai ta rungume tsohuwar tana hawaye. Manomin ya durƙusa a wurin ya yi wa Allah godiya. Ya yafa irin a ɗan wuri, da ya tsiro ya yi dashe, ya cika abin da ya iya na fadamar. Gidansa da na tsohuwar suka ci har wata kaka.

Ma'anar wannan misali ita ce: randar ita ce abin da kowannenmu ya liƙe ya ce ba za a taɓa ba. Ku lura, 'yan'uwa, irin da manomin ya riƙe shi ne ya ƙone, wanda ya bayar shi ne ya rayu. Da duka yana randarsa, da duka ya yafa a ruwan farko.

Kada wani ya ce, "To, bari in bayar don a mayar mini." Manomin bai san wani abu zai dawo ba, ya bayar ne yana jin tsoro. Kuma bai kai wa tsohuwar dafaffe ba, ya kai mata abin da ita ma za ta dafa ta ba wasu, don kada ta ɓuya a bayan ƙofa.

Haka Allah ya yi mana a Kirsimeti. Bai aiko mana da ragowa ba, Ɗansa makaɗaici ya bayar, a lokacin da ba mu da abin mayarwa ko kaɗan. Mu ne muka rufe ƙofa don kunya, shi kuwa ya cika hannuwanmu har muka sami abin bayarwa. Saboda haka mu gode masa. Bana kuma, sa'ad da kuke rarraba kwanukanku, ku duba unguwarku da kyau. In kun ga ƙofa a rufe ranar Kirsimeti, kada ku ɗauka babu kowa a ciki.