Tsakuwa Huɗu da Ƙwan Zabi

Ku yi haƙuri da rubutun nan, hannuna ba kyau, kuma a bayan littafin lissafina nake yi, a kan gwiwa, don kar a gani a ce ina ɓata takarda. Tatsuniyar kakarmu ce, Iya Tasalla. Ta yi mana ita ranar da ruwa ya hana mu fita, muna ɓarar gyaɗa a ɗakinta, ni da ƙannena Sagiru da Hansai. In na karkata wani wuri, laifina ne ba nata ba.

Iya ta ce, "To ga ta nan, ga ta nanku. Hannu na ɓara, kunne na ji."

Muka ce, "Ta zo mu ji ta, Iya."

Ta ce wai a wani daji akwai garin zabi. Su al'adarsu, in damina ta faɗi, wuri ɗaya suke zuba ƙwansu, dukansu, a sheƙa guda. In an gama sai a lulluɓe da ciyawa, a sa mai gadi, ba mai sake buɗewa sai ranar ƙyanƙyasa. Wai in ido ya ga ƙwai, baragurbi zai zama.

Kusa da sheƙar akwai wata tsohuwar Kuka. Ita Kukar nan, duk wanda ya yi ƙarya a gindinta sai ta buɗe ciki ta haɗiye shi. Kawun Gizo ma nan ya tafi, har yau ba a ga ko hularsa ba.

A gindin Kukar nan Gwaggo Hawainiya take koya wa 'ya'yan zabi ƙirga. Kun san Hawainiya, komai nata sannu-sannu. Sai ta ce, "Ku ɗebo tsinke." Su ɗebo. "Ku jera goma, kowane ku taɓa shi." Su jera. "Ku ɗaure da rama. Me ya zama?"

Su ce, "Dami ɗaya, Gwaggo."

"Ku kwance. Nawa ne a ciki?"

"Goma."

"Ku sake ɗaurewa."

Haka za a wuni. Sai da hannunsu ya saba, sannan ta haƙa ramuka biyu a ƙasa. Ta ce, "Na dama gidan ɗai-ɗai ne. Tsakuwa in ta kwana nan, abu ɗaya take nufi. Na hagu gidan dami ne. Tsakuwa in ta shiga nan, goma take nufi. Tsakuwar ɗaya ce, gidan ne ya bambanta." Da ramukan nan ake riƙe yawan ƙwan gari duk shekara, kuma ita ce mai gadi.

Ashe Gizo na can saman reshe yana leƙe. Yara na hamma, shi yana ji. Duk garin nan ba wanda ya fahimci karatun Hawainiya kamarsa.

Sai iyaye suka fara ƙunƙuni. Magajiyar zabi, wato shugabarsu, ta ce, "Wata biyu, 'yata kullum ta dawo da ƙasa har cikin fuka-fuki. Na ce ƙirga mini ashirin, ta ce wai sai an ba ta tsinke. Wannan karatu ne ko wasan ƙasa?"

Gizo ya sulalo daga reshe. Iya tana maƙale murya in ta zo maganarsa, ban san yadda zan rubuta wannan ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ku ba ni su kwana uku. In ba su kai ɗari ba, ku tsattsage ni."

Aka ba shi. Ya jera su, ya ɗauki bulala, ya rera, suka amsa. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu," da waƙa da tafi, ba tsinke ba tsakuwa. Ran na uku suna zuba ƙirga har ɗari kamar ruwan kwata. Iyaye har da guɗa. Nan take aka kwashe yara daga wajen Hawainiya, aka ce gadin ƙwai ma Malam Gizo ya karɓa. Hawainiya ta tattara tsinkenta ta koma hayin rafi.

Ɗaya ce tak ta bi ta, Kyallu, autar Magajiya. Ita Kyallu tana da i'ina, in an fara waƙar ƙirga sai ta sarƙe a bakwai, 'yan'uwanta su yi ta dariya. Shi ya sa take tsallaka rafi a ɓoye, ta je ta ɗaure dami ta kwance.

A shekarar nan zabi suka zuba ƙwai talatin da ɗaya. Aka lulluɓe. Aka sa tsakuwa uku a ramin hagu, ɗaya a ramin dama. Dokar gadi kuwa, kullum da safe mai gadi zai dafa Kuka ya rantse cewa abin da ke ramuka shi ne abin da ke sheƙa.

Matar Gizo, Ƙoƙi, ta ce, "Malam, ga ƙwai ga yunwa, ga kuma Kuka. In ka ci ka yi ƙarya, ka bi kawunka."

Ya ce, "Wa ya ce miki zan yi ƙarya? Ɗora kasko."

Da rana ta take, zabi sun tafi nesa tonon gara, Gizo ya zura siririyar ƙafarsa ta ƙarƙashin ciyawa, ya mirgino ƙwai tara. Ya je ya ɗauki tsakuwa ɗaya daga hagu ya jefa dama. Biyu nan, biyu nan.

Da safe gari ya taru. Ya dafa Kuka ya ce, "Abin da ke ramuka shi ne a sheƙa." Kuka shiru. Ya juya ya ce, "Yara, jiya tsakuwa nawa?"

"Huɗu, Malam."

"Ku ƙirga na yau."

Suka rera, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Iyaye suka ce, "Mun yarda."

Kyallu ta matsa jikin uwarta, ta ce a hankali, "Inna, d-dami ɗaya ya ƙaura."

Magajiya ta ce, "Ke rufe mana baki. Manya na magana."

Rana ta biyu, ya sake mirgino tara. Ƙoƙi ta soya, har da yaji. Ya ɗauki tsakuwa daga hagu ya jefa dama. Ɗaya nan, uku nan. Da safe ya dafa Kuka ya rantse, Kuka shiru. Yara suka rera huɗu. Iyaye suka ce sun yarda.

Kyallu ta fito tsakiya. Ta ce, "Sh-sha uku suka rage."

Gizo ya sa hannu a kunne. "Me 'yar malamai ta ce? Sha-sha-sha? Ƙishirwa take ji, a ba ta ruwa." Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan da ba ta iya wuce bakwai ba ita za ta gyara mana huɗu?"

Magajiya kunya ta kama ta. Ta kai wa Kyallu sara a ka, a gaban kowa. Ta ce, "Kin ga abin da wasan ƙasa ya jawo mini."

Kyallu ta ruga hayin rafi tana kuka, ta gaya wa Hawainiya. Hawainiya ta ce, "Gani nan." Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya, ta yi gaba ta yi baya, ta ajiye. Kyallu ta ce, "Gwaggo, y-yi sauri." Ta ce, "Saurin ke nan, 'yata."

Nan Sagiru ya ce, "Iya, me ya sa Kyallu ba ta goya ta ba?" Iya ta ce, "Kai ka taɓa ganin zabuwa da zanin goyo? Ɓara gyaɗarka."

Rana ta uku, Hawainiya na tsakiyar hanya, Gizo ya mirgino tara na ƙarshe. Ya kwashe tsakuwar da ta rage a hagu ya jefa dama. Ramin hagu fayau, huɗu duk a dama. Da safe ya rantse, Kuka shiru, yara suka rera, iyaye suka yarda. Wata zabuwa ma cewa ta yi, "Gara da ya haɗa su wuri ɗaya, sun fi kyan gani."

Ana shirin watsewa sai ga Hawainiya, ta yi fari fat don gajiya. Ta juya ido ɗaya ta kalli ramin hagu, ta juya ɗayan ta kalli na dama. Ta ce, "Magajiya, ƙwanku huɗu suka rage."

Magajiya ta ce, "Talatin da ɗaya dai."

Hawainiya ta dafa Kuka ta ce, "Huɗu." Kuka ba ta motsa ba.

Magajiya ta je da kanta, ta karya al'ada, ta yaye ciyawa. Ƙwai huɗu, can a lungu.

Aka yi caa a kan Gizo, aka ja shi gindin Kuka. Magajiya ta ce, "Haɗiye shi."

Kuka ta yi magana, abin da ta shekara ɗari ba ta yi ba. Ta ce, "A kan me? Ni maƙaryaci nake ci. Wannan ɓarawo ne, amma ƙarya bai yi ba. Safiya uku yana ajiye muku gaskiya a ƙasa, a gaban idonku, kuna cewa kun yarda."

Suna jin haka suka saki baki, Gizo ya saki zare, ya haye reshe. Daga can ya leƙo ya ce, "Yara, gobe da wuri, za mu shiga ɗari biyu."

To zabi ba sa iya hawa inda ya hau. Haushi kuwa sai ya sami inda zai sauka. Wata ta ce, "Ai ramukan wannan tsohuwar ne suka cinye mana 'ya'ya. Da ba ta haƙa ba, da me zai cuce mu?" Kowa ya ce haka ne. Suka sa ƙafa suka cike ramukan da ƙasa, suka watsar da tsakuwar, suka kori Hawainiya daga dajin gaba ɗaya. Kwana biyu ana hango ta tana tafiya, ba wanda ya kai mata ruwa.

Magajiya ta zauna gaban ƙwai huɗu. Can ta juyo ta kalli Kyallu. Ta ce, "Ke kin sani tun ranar farko."

"Na f-faɗa, Inna."

"Ba ki faɗa da ƙarfi ba."

Ƙwai huɗun ma, tunda ido ya gan su, ba wanda ya ƙyanƙyashe. Damina ta wuce garin zabi ba tsako ko ɗaya.

Iya ta ce, "Daga ranar zabuwa ba ta sake sanin yawan ƙwanta ba. Ku da kanku kun ga babanku yana zuwa bayan danga da dogon ludayi, ya kwashe, ya bar mata biyu ko uku. Ta zo ta leƙa, ta ga akwai, ta ƙara zubawa."

Hansai ta ce, "Iya, Kyallu fa?"

Iya ta ce, "Tana nan cikinsu. Ba ta sake magana ba."

Sai ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta ta ce, "Abin da nake so ku riƙe: yaron da bakinsa ya iya ƙirga amma hannunsa bai taɓa abin da yake ƙirgawa ba, a gabansa za a kwashe kayansa yana tafi. Kuma in ƙaramin cikinku ya yi magana a hankali, ku sunkuya ku ji, kar ku bari sai an yaye ciyawa. Ƙungurus kan kusu, nan na datse ta, wanda bai ƙoshi ba ya je ya tambayi zabuwa."

Iyakarta ke nan. Abin da ya sa na rubuta, Sagiru yana aji biyu, yana zuba ƙirga har ɗari, Baba har kiran baƙi yake su ji. Shekaranjiya na ce ya rubuta mini sha uku, ya sa uku a gaba, ɗaya a baya. Na ce ba haka ba ne, ya ce ai duk ɗaya ne, lambobin ba su canza ba. Na gaya wa Baba, ya ce ko na fi malaminsu ne. Na dai tara tsinken tsintsiya a gwangwanin madara, na haƙa ramuka biyu bayan turken awaki inda ba a zuwa. Ga Umma can tana kirana, ta kira sau biyu, bari in tura littafin ƙarƙashin tabarma kafin ta