Irin Yakuwar Innayatu

Akwai wata dattijuwa a unguwar Ƙurban da ke Madina, sunanta Innayatu. A shekarar 1978 abin da ya fi mata daraja a duniya ƙullin tsumma ne, cikinsa ƙwayar irin yakuwa ashirin da ɗaya.

Kakarta ce ta taho da irin daga Damagaram, a ƙafa, shekarar da ta zo hajji. Tun daga nan ake shukawa a bayan gida, ana ajiye na baɗi. Innayatu ba ta taɓa ganin Damagaram ba. Amma in ta kishingiɗa bayan azahar takan ga gona ja wur har iyakar ganin ido, kakarta na tafe a ciki, iska na kaɗa mayafinta.

Sai rijiyar gidan ta koma zartsi. Gishiri ya fito fari fat a kan ƙasa. Shekara biyu tana shuka, ko tsiro ɗaya. Abin da ya rage a tsumman nan shi ne na ƙarshe.

Ta je wajen Mahmudu, tsoho mai kiwon zuma a cikin gonakin dabino. Ya ce, “Hajiya, ɗiga zuma ɗigo ɗaya a kwanon ruwa mai daɗi. Jiƙa irin daga asuba zuwa azahar, sannan ki shuka. Ɗigo ɗaya na ce.”

Ɗanta Abdussamad direban tasi ne, mai son a gama komai yau. Da ya ji, sai ya yi dariya. “Ummi, ɗigo ɗaya? Baffa Mahmudu tsoro yake kada zumarsa ta ƙare. In ɗigo na magani, ai kwalba ta fi. Halas, magana ta ƙare, bar min.”

“Kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba?”

“Mota ma, in an cika mata tanki ta fi nisa.”

Ya matsa har ta ba shi goma sha huɗu. Bakwai ta riƙe a tafin hannunta, ta ƙi buɗewa.

Ya tsoma nasa cikin zuma tsantsa, kwana biyu, ya shuka. Irin bai sami ruwan sha ba, ya ƙanƙance. Tururuwa suka yi layi suka gama da sauran.

Ita kuwa ta yi yadda aka ce. Kullum da hantsi tana zaune gaban fili ba komai, tana jan carbi, ƙudan zuman Mahmudu na wucewa ta samanta. Kwana biyar shiru. Kwana takwas shiru.

Ran na tara, tsiro uku kore shar suka ɗaga ɓawon gishirin, kowanne da ganye biyu kamar tafin jariri.

Abdussamad ya durƙusa ya daɗe yana kallo. “Ummi, na kashe miki goma sha huɗu.”

“Ka kashe. Ukun nan kuma ba za su sha zartsi ba. Ina jarkarka?”

Daga ranar, kafin ya ɗauki fasinja, sai ya kawo ruwa mai daɗi a bayan tasi. Har yau jikokinta na cin miyar yakuwar nan.

Darasi: Ba yawan abu ne albarkarsa ba. In wanda ya san sana'a ya ce maka ɗigo, ka tsaya a ɗigo, ka rufe bakinka, ka yi haƙuri. Ku isar da wannan ga duk mai gaggawar da ke gidanku.